Tukunya Ɗaya Muka Ci

Wai ina maimaita magana. Abin da 'yata ta gaya wa lokotoro, wato likita, ke nan a Parakou, ina zaune a gabansu kamar buhun doya. Da Faransanci ta faɗa, don tana ganin tunda ban shiga lakwal na yi boko ba, ba zan ji ba. Na ji sarai. Macen da ta tsufa a kasuwar Djougou, ko ba ta iya mayar da Faransanci ba, ta san lokacin da ake cinikinta a cikinsa. "Elle répète," in ji ta. Ta juyo ta dube ni, ta sake cewa "elle répète". Ita da ta faɗa sau biyu a numfashi ɗaya ba wanda ya kai ta asibiti.

Bari in koma baya, don wanda bai san gidanmu ba ya san abin da aka ɓata.

A gidanmu, tun kakanninmu da suka sauke goro a Djougou suka ƙi tashi, idan an yi mutuwa akwai mace guda da ake ajiyewa a bakin ƙofar mai takaba. Ba kuka aka ajiye ta ta yi ba, ba rabon goro ba. Duk wadda ta shigo gaisuwa, ta zauna ta ce "yaya abin ya faru?", ita ce mai amsawa. Kuma amsar ɗaya ce tak. Abin da ta gaya wa ta farko shi za ta gaya wa ta ƙarshe, ba ragi ba ƙari, har a yi sadakar bakwai a watse. Mai takaba ba ta buɗe baki, 'ya'yan mamaci ba su sa baki. Wajen gwaggona na koya. Ranar da ta fara zaunar da ni kusa da ita, na sauya kalma ɗaya, ta kama naman cinyata ta murɗe, ba ta ko dube ni ba. Da mutane suka ragu ta ce, "Kin gaya wa ta safe ya yi tari, kin gaya wa ta yamma ya yi shaƙuwa. Gobe a bakin rijiya za su haɗa biyun su haifi na uku, kuma na ukun ne zai zauna." Tun daga ranar ban ƙara sauya ko wasali ba. Da ta rasu, ni na zauna a ƙofarta. Daga nan duk mutuwar da aka yi a danginmu, daga Djougou har ƙauyuka, ni ake aiko wa.

To, sai ga mutuwar ƙanena.

Dillalin shanu ne, a kara ya yi ƙuruciyarsa, a kara ya yi furfura. Gida ɗaya muke tun da mijina ya rasu na dawo ɗakin uwarmu. Matarsa ta fari ta riga shi da daɗewa, ta bar masa 'ya'ya maza. Ta biyun, wadda ta yi masa takaba, 'yar ƙabilar Yom ce daga wani ƙauye a bayan gari. Ta musulunta kafin a ɗaura aure, ta riƙe salla fiye da wasu da aka yi wa huɗuba a kunne. Ita ta yi renon yaran nan har suka yi gemu. Allah bai ba ta nata ba. Shekara da shekaru tana gidan, amma har gobe akwai matan danginmu da idan za su ambace ta sai su ce "baƙuwar nan". Ni kuwa Yaya take ce mini, ni ma ƙanwa na ɗauke ta.

Ga yadda abin ya faru, kuma haka na gaya wa kowa:

Ranar Juma'a da hantsi ya dawo daga kara ya ce yunwa yake ji. Matarsa ta sauke wasa-wasa. Tukunya ɗaya muka ci, ni da shi da ita, shi a kwanonsa, mu biyu a namu, har na ƙara da ragowar nasa. Ya wanke hannu, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi irin na bara. Ya jingina da bango ya yi shahada. Kafin a kawo mota rai ya yi halinsa. Ciwon da ya kayar da shi a kara bara, shi ne ya dawo.

Shi ke nan. Amma duk wanda ya san mutanenmu ya san dalilin da ya sa tukunyar nan take tsakiyar maganar. Namiji ya ci abinci ya faɗi. Matar da ta dafa ba 'yar dangi ba ce, ba ta haihu a gidan ba. Abincin kuma wasa-wasa, garin doya baƙi ƙirin, wanda ko toka ka zuba a ciki ba mai gani. Ai tun kafin a ɗauki gawa na ga idanu suna zuwa madafa suna dawowa. Shi ya sa na shimfiɗa tabarmata a ƙofarta tun maza ba su dawo daga maƙabarta ba.

Mata suka yi ta zuwa. Na Djougou, na ƙauye, matan mahauta, matan Fulanin da yake sayar wa shanu da ƙwaryar cukunsu na wagashi a kai. Mai jin Hausa na gaya mata da Hausa, mai jin Dendi da Dendi, ba abin da ya motsa daga wurinsa. Akwai masu tambaya don tausayi. Akwai masu tambaya suna sunkuyar da murya, "To, me ya ci?" Irin waɗannan nakan tsayar da idona a cikin nasu in ce, "Tukunya ɗaya muka ci," in yi shiru har sai sun kawar da kai.

'Yata ta zo daga Parakou tun ranar farko. A farmasi take aiki, a unguwar Ladjifarani take aure. Ba zan yi mata ƙarya ba, tana sona. Ita ke saya mini zane, ita ke aiko mini da man zafi na gwiwa. Amma ta bar Djougou tana ƙarama, mutuwar da ta sani ita ce ta birni, inda ake kafa rumfa a jera kujerun roba, kowa ya zauna yana latsa waya. Ta zauna a gefena kwana biyu tana saurare. Na ga tana motsa yatsu a kan cinyarta, na ɗauka tasbihi take yi. Ashe ni take ƙirgawa.

Da azahar ta ja ni gefe.

"Inna, kin san sau nawa kika faɗi maganar nan yau?"

"Sau nawa aka tambaya?"

"Har wadda ba ta tambaya ba kin gaya mata."

"Wadda ba ta tambaya ba ita ce ta zo da nata a ciki."

"Inna, kalma ɗaya ba ki canzawa. Kamar kaset. Abin yana ba ni tsoro."

Na ce, "Ke, ki ji tsoron ranar da zan canza."

Babban ɗan ƙanena yana tsaye yana jinmu. Ya ce, "Gwaggo, ai da sauƙi. Ki faɗa sau ɗaya a waya, mu tura wa kowa, ki huta." Na ce masa, "Ɗan nan, wayarka tana da ido? Idan mace ta ce me ya ci, wayar ce za ta dube ta har ta ji kunya?" Ya yi dariya ya ce Gwaggo ba ta da dama. Ita 'yata ba ta yi dariya ba. Ta tuna masa wai rannan na zuba gishiri sau biyu a miya, wai na kira shi da sunan ubansa. To, na zuba. Wace mace ce ƙanenta zai mutu a gabanta ta tuna da gishiri? Sunan kuma, da ya ga yadda yake tsaye a bakin zaure da hular nan a karkace, da shi ma ya kira kansa da sunan ubansa.

Washegari da safe suka ce tansiyona za a auna, ko jinina ya hau, idona ya yi ja. Mijin 'yata ya kawo mota. Suka ce Parakou ne kawai, a je a dawo kafin magariba. Na ce ba inda za ni sai an yi bakwai. Ta fashe da kuka a tsakar gida, a gaban baƙi, tana cewa ta rasa kawunta ba za ta rasa uwarta ba. Mata suka taso mini, Hajiya ki je mana, Hajiya 'yarki ce. Mai takaba ta leƙo daga ɗaki, ta ce a hankali, "Yaya, je ki dawo." Na kira wata 'yar baffanmu, na zaunar da ita a tabarmata, na karanta mata maganar tun daga Juma'a har ciwon bara. Na sa ta mayar mini. Ta mayar daidai. Na ce, "Kada ki taɓa ko ɗaya." Ta ce, "Haba Yaya, sai ka ce yarinya."

Ba a dawo da ni da magariba ba. Lokotoron da suke so wai ba ya zama sai wata rana, a wani asibiti a unguwar Ganou. Aka ajiye ni a Ladjifarani a ɗaki mai fanka, aka ɓoye mini jakata don kada in nufi tasha.

A kwanakin nan ne na ƙoshi da kalmar nan ta maimaici. Bayan katangar gidan akwai malami mai makaranta. Tun da asuba ɗalibansa suke kan aya ɗaya, su kai ƙarshe su dawo, su kai ƙarshe su dawo. Na tambayi 'yata, wannan fa? Ta ce ai bita suke yi, haka karatu yake zama. Na ce madalla. Da hantsi rediyo ya kama sanarwar mutuwar wani mai kuɗi, da Faransanci, da Dendi, da Bargu, da Fulatanci, ya huta kaɗan ya sake daga farko. Wannan fa? Ta ce iyalansa ne suke so kowa ya ji. Na ce to. Ita kanta da ta dawo daga aiki tana ba mijinta labarin wani tsoho da ya daina shan ƙwayarsa don ya ji sauƙi, tana faɗa, wai magani sai an yi ta sha safe da yamma, safe da yamma, ko an ƙosa. Mijin kuma yana ba ta labarin ɓarawon awaki da jandarma suka sake kamawa a unguwar, wai tunda ba karon farko ba ne, wannan karon zai daɗe a ciki.

Na ajiye cokali. Na ce, "Ku tsaya in tambaye ku. Na malam sunansa karatu. Na rediyo sunansa sanarwa. Na farmasi sunansa magani. Na ɓarawo sunansa laifi, shi ma dai an san abin da ya yi. Ciwon kawunki da ya dawo, ke da bakinki kika ba shi suna da Faransanci mai tsawo, kowa ya girgiza kai. Kowane maimaici a garin nan an tambayi dalilinsa kafin a raɗa masa suna. Nawa ne kaɗai ba wanda ya ce, tsohuwa, don me kike yi? Kun dai ƙirga."

Mijin ya sunkuyar da kai yana murmushi a cikin kwano. Ita ta ce, "Inna, ci abincinki, zai huce."

Lokotoron yaro ne mai ladabi, ba ni da abin faɗa a kansa. Ya gaishe ni da Dendi, ya ce mini Mama. Bayan 'yata ta gama "elle répète" ɗinta, ya auna hannuna ya ce tansiyon ya hau ƙwarai, wannan kam gaskiya ne. Sannan ya gyara zama ya ce zai faɗi abubuwa uku, in maimaita bayansa.

Na dubi 'yata. Na dube shi.

Na ce, "Ɗana, an ɗauko ni daga kan makokin ƙanena saboda ina maimaitawa. Yanzu kai kuma maimaitawar kake so in yi maka?"

Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce, "Mama, yi haƙuri, aikin ke nan." Ya ce lemo, makulli, akwiya. Na ce lemo, makulli, akwiya. Ya yi ta wasu tambayoyi, yau wace rana, wane gari muke. Ranar na ba shi ta wata, ba ta Nasara ba, 'yata ta yi caraf ta gyara mini, kamar na yi kuskure. Can ya ce in tuno abubuwa ukun nan. Na ba shi lemo da akwiya. Makullin ya tafi, don a lokacin hankalina yana ƙofar ɗakin da na bari a Djougou. Ya yi rubutu. Ya ce shekaru ne da baƙin ciki, watakila da wani abu, watakila babu, a dawo da ni bayan wata guda. Bai ce ina da ciwo ba, bai ce ba ni da shi ba. 'Yata ta fito da abin da ta shiga da shi, ni ma haka.

Sai da aka yi sadakar bakwai da kwana ɗaya aka mayar da ni gida.

Tun daga zaure na san an yi ɓarna. Manyan robobin abinci suna jere a gindin bango, an rufe, ƙudaje suna bi. Abincin sadaka ne. Na buɗe ɗaya, shinkafa ce har baki, ta fara tsami. A gidanmu abincin bakwai ba ya kwana, ko ƙanzo ba a bari. Na tambayi wata maƙwabciya, ta ce, "Hajiya, mutane ne suka ce sun ƙoshi." Sun ƙoshi! Matan da na sani suna zuwa sadaka da leda a cikin zane.

Na nemo 'yar baffan nan tawa. Na ce, "Faɗa mini abin da kika riƙa gaya wa mutane."

Ta ce, "Abin da kika ce mana. Ya dawo daga kara, matarsa ta ba shi wasa-wasa, ya ci, ya faɗi."

"Ina tukunyar?"

"Wace tukunya?"

"Ina ni? Ina ragowar da na ci? Ina ciwon bara?"

Ta ce, "Yaya, mutane sun yi yawa, bakina ya gaji, na taƙaita. Ai ban yi ƙarya ba."

Ba ta yi ƙarya ba. Wallahi da ƙarya ta yi da ya fi mini sauƙi, da na san inda zan kama. Ta cire ni daga cikin maganar ne kawai, ta bar mace ɗaya da kwano ɗaya da gawa. Kwana nawa ne? Amma maganar ta riga ta je rumfar mahauta, ta je kara, ta dawo da ƙafafu. Har an samu wadda ta ga mai takaba tana karɓar ƙullin magani daga hannun wani ɗan ƙauyensu. An samu wadda ta san dalili: wai gidan take so.

Na shiga ɗakin mai takaba. Tana zaune a ƙasa, ta rame kamar an matse ta, kayanta a ɗaure cikin zane biyu. 'Yan'uwanta maza sun aiko cewa gobe za su zo su tafi da ita, ba za su bar ta a inda ake ce mata mayya ba. Yaran da ta rena kuwa ba wanda ya ce ta tafi, ba wanda ya ce ta zauna. Wannan shirun nasu har yau ban yafe shi ba. Mace tana takaba, ba ta da ikon fita ta kare kanta, idan kuma ta bar ɗakin mijinta kafin kwanakinta su cika, duk garin zai ce gudu ta yi.

Ta ce, "Yaya, kin daɗe."

Ni ban zo kuka ba. Na kwance ɗaurin kayan da hannuna. Na ce, "Tashi ki ɗora wasa-wasa. A tukunyar nan."

"Yaya, wa zai ci?"

"Ki ɗora na ce."

Na sa aka fitar da tabarmata, ba ƙofar ɗaki ba, ƙofar gida, bakin hanya, inda masu zuwa kasuwa da 'yan zem masu haya da babur suke wucewa. Ni da ban taɓa cin ko gyaɗa a waje ba tun ina budurwa. Ta kawo kwanon, kwanon ƙanena na ce ta zubo a ciki. Na zauna na ci da hannuna a hankali, mutane suna tsayawa. Babban ɗan ya fito da gudu, "Gwaggo, don Allah, abin kunya ne." Na ce, "Zauna ka sa hannu." Ya tsaya yana waige-waige. Na ce, "Hannun da ya wanke maka kashi ne ya dafa. Zauna, ko kuwa in tashi in faɗa wa titin nan cewa kai ma ka yarda." Ya zauna. Loma biyu ya yi, kamar mai haɗiyar ƙaya, amma an gan shi.

Duk wanda ya tsaya, na gaya masa. Ranar Juma'a da hantsi ya dawo daga kara. Tun daga nan har ciwon bara.

Washegari 'yan'uwanta suka zo, na gaya musu su ma, na ce su ba ni ita har ta gama. Suka dubi juna suka koma. Daga nan na ɗauki sandata. Tunda masu gaisuwa sun watse da guntuwar magana, sai na bi su da cikakkiyar. Gida gida. Rumfar mahauta, inda wani ya ce, "Hajiya, ai mun ji," na ce, "Kun ji rabi, ajiye wuƙar ka saurara." Kara, a tsakiyar shanu da dillalai, inda mace irina ba ta shiga. Wadda ta ce ta ga ƙullin magani na same ta tana tankaɗe, na tsaya a kanta na faɗa, na sake faɗa, har ta ce, "Na ji, Hajiya, na ji, ni ma ji na yi." Aka buga wa 'yata waya aka ce uwarki tana yawo a gari tana magana ɗaya. Kun ga kuwa ai ta samu shaida.

Matar ƙanena ta gama takabarta a ɗakin mijinta, ranar fita aka yi mata wanka da sabon zane kamar kowace matar gidanmu. Mata sun zo, ba duka ba. An ci abincin, ba duka ba. Bayan sati ta ɗaure kayanta da kanta ta koma ƙauyensu, da rana tsaka, ta ƙofar gida, na raka ta har tasha. Ta ce ba za ta iya zama inda ake duban hannunta idan ta miƙa wa yaro ƙosai ba. Ban hana ta ba. Abin da na iya ƙwato mata ke nan, ta fita a matsayin wadda ta gama, ba wadda ta gudu ba. Da an bar ni a tabarmata kwanakin nan, da yanzu tana nan tana dama mini koko.

'Yata har yau ba ta ga abin da ta yi ba. Ta ce ita lafiyata ta duba, kuma tansiyon ai ya hau da gaske. Tana aiko da ƙwayoyin, ina sha safe da yamma, safe da yamma. Wata ya cika ta zo za ta mayar da ni Ganou, na ce sai dai ta ɗauke ni da tabarmar. Ta zauna a bakin gadona ta ce, "Inna, wai tsakani da Allah, yaya abin ya faru ne ranar?"

Karo na farko ke nan da ta tambaya. Na dube ta. Yatsunta suna kan cinya, ban sani ba ko ƙirga za ta yi.

Na ce, "Ranar Juma'a da hantsi ya dawo daga kara."